Baƙin da Honarabul Ya Saukar wa Uwarsa

Ku shigo duka, ku ajiye wayoyin nan. Kai Malamin Makaranta, matso. Ke Auta, bar yaron ya yi wasansa. Ba rabon gado na kira ku ba, ina nan da raina. Maganar yayanku ce, Honarabul. Ga shi can a lungu ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da kazar maƙwabta. Shi ya kamata ya faɗa, to bakin da ke cika majalisa yau ya mutu. Yadda ya faɗa mini haka zan faɗa muku, ba ƙari.

Da majalisa ta tafi dogon hutu, sai ya dawo mazaɓa jin koken jama'a. Ofishinsa na saman wani shagon taya: ɗaki ɗaya, benci biyu, da fanka mai kuka. Tun safe ake layi. Mai neman aiki, mai ƙarar kwata ta toshe, mai ɗa kwance a asibiti. Kowa abu ɗaya yake samu. Ya kama hannunka da hannu biyu, ya girgiza kai kamar zai yi hawaye, ya ce, "An gama. Ko a gidana ne sai na sauke ku." Ya faɗa wa waɗanda ruwa ya cinye wa ɗakuna. Ya faɗa wa 'yan tireda da aka tasa daga bakin titi. Ba wanda ya taɓa zuwa da kayansa, don kowa ya san zaƙin baki ne.

Babban aikinsa na hutun shi ne cike tsohon kududdufin bayan kasuwa, a yi tashar mota a wurin da tallafin wata ƙungiya ta ƙasashen waje. Har an kawo katafila an ajiye a bakin ruwan.

Ran da abin ya faru yana da taro ta kwamfuta da 'yan majalisun wasu ƙasashe, a kan mutanen da aka raba da muhallansu. Shi ma zai yi jawabi. Saboda bambancin lokaci taron ya faɗo daf da magariba. Sakatare ya tafi gida. Mai shagon taya ya ja ƙofarsa. Direba na ƙasa cikin mota yana gyangyaɗi.

Ya gyara hula, ya zauna gaban kwamfuta. Fuskoki ƙanana cike da gilashin, tafinta na juya magana.

Sai wuta ta ɗauke. Fanka ta yi kuka ta tsaya. Ba haske a ɗakin sai na kwamfutar.

Wari ya fara ji. Warin laka, irin baƙar nan ta ƙasan ruwa, da ruɓaɓɓen ganye. Ya ɗauka kwata ce.

Sai taku a matakala. Ba ƙarar takalmi ba. Caɓ. Caɓ. Kamar mai tafiya da jiƙaƙƙen zane.

"Salamu alaikum."

Muryar ƙasa-ƙasa take, kamar daga cikin randa. Honarabul ya kashe makirufo, ya amsa ba tare da ya juya sosai ba. Wani tsoho ne ɗan siriri ya zauna a benci. Rigarsa ta manne masa a jiki, ruwa na ɗiga daga gefenta, alhali ranar ko yayyafi ba a yi ba.

"Baba, an tashi. Gobe."

"Mun daɗe a layi, ranka ya daɗe. Mun bari 'yan Adam su gama."

Kunnensa ya ji, hankalinsa na kan jawabi.

"To, mene ne?"

"Kududdufin. Tun ba a kafa kasuwa ba muke ciki. Akwai tsofaffi, akwai masu goyo. In ka cike, ina za mu?"

Ya ɗauka cikin masu rumfunan gefen ruwan ne. A gilashi, shugabar taron ta ambaci sunansa: shi ne na gaba. Ya miƙa hannu biyu da sauri ya kama na tsohon. Sanyi ƙalau, da santsi kamar cikin kifi.

"An gama, Baba. Ko a gidana ne sai na sauke ku."

"A gidanka."

"A gidana."

"Wanne?"

Ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambayar. Gidansa na babban birni ne, mai bene da maigadi, kuma ba ya nuna wa masu koke hanyarsa. Wanda yake nunawa a mazaɓa, wanda yake ɗaukar hoto a ƙofarsa in zaɓe ya zo don a ce yana zaune cikin talakawa, kun san shi. A cikinsa kuke zaune yanzu.

"Bayan tsohuwar makaranta," in ji shi. "Mai bishiyar lemo a ƙofa."

"Da izininka?"

"Da izinina. Yi haƙuri, Baba, duniya na jirana."

Ya kunna makirufo. Ya buɗe baki ke nan, sai shugabar ta ɗaga hannu. Tafinta ya ce, "Tana tambaya, waɗannan mutane masu yawa da ke bayanka, su ne waɗanda za ka yi magana a kansu?"

Ya zaci hoton taron siyasa da ke bango take nufi. Ya yi murmushin nan nasa, ya dafa ƙirji.

"Su ne. Jama'ata ke nan. Yanzun nan na sama musu matsuguni."

Aka tafa masa daga ƙasashe daban-daban.

Sai idonsa ya faɗa kan ɗan hotonsa a kusurwar gilashin.

Ɗakin cike yake.

Kan benci, ƙasan benci, jikin bango har rufi. Mata da ƙullin kaya a ka. Yara tsugune a kan kabad. Gashinsu kore, yana zuba. Idanunsu ba sa ƙiftawa. Wata ta kwantar da haɓarta daf da kafaɗarsa.

Ya juya.

Ba kowa. Ko tsohon babu. Benci biyu, jiƙe sharkaf.

Ya sake duban gilashi. Suna nan. Duk sun miƙe tsaye.

Wani abu mai sanyi ya ɗiga masa a wuya.

Kwaɗi suka ɗauki kuka gaba ɗaya, a cikin ɗakin, a saman bene.

Ya ture kujera. Ruwa har idon sawu. Ƙofa ta kumbura ta ƙi buɗuwa, ya sa kafaɗa. A matakala laka ta kama ƙafarsa ta dama, ta riƙe kamar hannu. Ya ja, ta ja. Ya fizge, ya bar mata takalmin. Ya gangaro rabi da ƙafa rabi da gwiwa.

Yana kama murfin mota, aka raɗa masa a kunne, a hankali, da ladabi:

"Kada ka wahala, ranka ya daɗe. Mun san hanya."

Direba ya farka ya ce, "Gidan Mama za mu?"

To ku saurara, nan ne wurin. Tsakanin ofishin da gidan nan, ko yaro aka aika zai dawo shayi bai huce ba. Yayanku ya dubi hanyar gidan uwarsa. Ya ga titin ya jiƙe, layi guda, danshin ya nufo nan. Ya ce, "Babban birni. Taka mota."

Ko waya bai buga mini ba.

Ni kuwa ina alwala na ji sallama a ƙofa, na amsa, na ce a shigo. Me na sani? Tun daga ranar bangon ɗakin baya ke gumi. Gishirina ya narke a gwangwani. In na shanya wanki, na kwashe shi ya fi da jiƙewa. Da rana ta yi ja sai in ji ana shimfiɗa, ana lallashin jariri, ana tari irin na tsofaffi. Ba su taɓa ni ba, gaskiya ɗaya ce. Sun fi wasu da na haifa ladabi. Amma gwiwoyina sun kumbura, ƙirjina ya fara kuka, likita ya ce in na ci gaba da kwana cikin danshin nan ba zan ga wata damina ba. Na ce a cikin gidan nan na binne ƙuruciyata, ba inda za ni.

Shekaranjiya ya zo, bayan mako da makonni, ya durƙusa ya kama ƙafata yana kuka. Na ce ya sake ni, hannu biyun nan na san aikinsu. Na tambayi baƙin da kaina, ta bakin ƙofar ɗakin baya. Suka ce su ma ba daɗin tudu suke ji ba. A janye katafila, su koma. Shi kuma ya ce in ya janye, masu tallafi za su janye, jam'iyya ta cinye shi ɗanye, kuma me zai gaya wa waɗanda suka tafa masa?

To ga ku, ga shi. Ko ya je da kansa da rana tsaka ya kori katafilar nan, ya sha kunyarsa a gaban kasuwa, ko ya tafi da kujerarsa ku fara neman mini likkafani. Ni na gama magana, ku yanke. Amma ku hanzarta, rana ta yi ja. Auta, ɗauke yaron daga kan tabarmar can. Ta fara jiƙewa.