Allurar da Ta Tsaya a Ɗari da Uku

Shekara shida Suma'ila ya yi yana awon buhunan wake da gyaɗa a mangazar Alhaji Mai Nasara, babban sitonsa na hatsi bayan kasuwar Dole, kuma ɗan Adam bai taɓa hawa balansinsa ba sai wata Alhamis bayan la'asar, da 'yan dako suka watse.

Doguwar mace ce mai jiki ta tsaya a bakin ƙofa, cikin rigar da ta yi mata yawa.

"Malam, ma'aunin nan naka yana faɗin gaskiya?"

"Ba shi da wata sana'a sai ita, Hajiya."

"To juya baya."

"In na juya, wa zai karanta? Allurar ma'aunin tana gefena."

Ta ajiye jaka, ta tuɓe takalmi, ta hau inda buhu yake hawa. Allura ta yi rawa ta tsaya. Ya faɗa a hankali: ɗari da uku. Ta sauka, sai da ta kai ƙofa ta juyo.

"Alhamis mai zuwa kana nan?"

Sunanta Raliya, 'yar unguwar Birni, sakatariya a wani biro na gwamnati. Wata tara kafin ranar an kai ta Tunisiya, likitoci suka yanke mafi yawan tumbinta, saboda ta kai kilo ɗari da arba'in da ɗaya, ciwon suga ya kama ta, gwiwoyi sun fara ƙi. A wata shida ta zubar da talatin da takwas, duk biro yana yi mata barka. Daga nan allura ta tsaya cak. Masu barka suka koma tambaya ko aikin ya lalace ne. Ta daina zuwa awo asibiti, domin ma'aikaciyar can tana kiran lamba da murya irin ta mai shela, a gaban layi.

Alhamis huɗu allura ba ta motsa ba. A ta biyar ya karɓi lambar wayarta, da hujjar zai sanar da ita in an rufe mangaza, wurin da ba a taɓa rufewa ba. Ranar Talata ya tura mata saƙo.

"Baƙuwar Alhamis, yau Talata. Kwana biyu sun yi mini nisa."

"Mai allura, kai kaɗai ka san lambata ba ka gudu ba. Me ka gani?"

"Na auna kaya da yawa, Raliyata. Ke kaɗai na ji ba na son a sauke."

Da zance ya yi nisa, ya kai ta unguwar Zango ta gaida mahaifiyarsa. Inna Shatu ta wuni a kan dambun zogale, ta cika kwano har ya yi tozo, ta zauna tana kallo. Raliya ta ci cokali uku ta ajiye.

"Ko abincinmu bai kai na 'yan Birni ba?"

"Wallahi ya yi daɗi, Inna. Cikin ne ba ya ɗauka, an rage mini shi."

Inna ta rufe kwanon a hankali. Bayan baƙuwa ta tafi ta ce, "Macen da aka yanke wa ciki, a ina za ta ajiye ɗa?" Suma'ila, da ya yi lakwal, makarantar boko, har aji na ƙarshe, ya yi bayanin cewa tumbi dabam, mahaifa dabam. Inna ta ce ba darasi ta nema ba. Ta tuna masa da Hafsatu, 'yar ƙanenta a Gaffati, wadda take share kwano ta nemi ƙari, kamar yadda mai lafiya take yi.

Ya yi zaton Inna ce katangar. Ashe akwai wata a bayanta.

"Kada ka turo kowa gidanmu sai na ga kilo tamanin," in ji Raliya, tana tsaye a kan balansi. "Na yi wa kaina alkawari. Ba zan shiga lalle mata suna ƙus-ƙus cewa an je har Tunisiya an dawo da rabin aiki ba."

"In allurar ta ƙi fa?"

"To ni ma na ƙi."

A bayan kowane balansi akwai wani ɗan ƙarfe da ake murɗawa a daidaita allura. Duk mai awo ya san abin da marasa tsoron Allah suke yi da shi. Suma'ila bai taɓa sa masa hannu ba, shi ya sa manoma suke wuce mangazu uku su kawo masa kaya. Alhamis ta gaba, kafin ta iso, ya murɗa shi kaɗan.

"Ɗari da biyu da rabi."

Ta rufe baki da hannu biyu. Bai taɓa ganin haƙoranta duka ba sai ranar.

Abin da bai sani ba, a makon ta daina cin abincin rana, sai ta ɗauka dabararta ce ta yi aiki. Mako na gaba ta soke na safe. Shi yana ƙara murɗa, ita tana ƙara ragewa, har ya zama shayi da ruwa ne abincinta. Ya ga idanunta sun faɗa, ya ga gashi yana maƙalewa a ɗankwalinta. Kullum sai ya ce wannan Alhamis ce ta ƙarshe, kullum kuma ta yi murmushi ya fasa.

A mako na takwas allura ta nuna casa'in da tara. Murna ta sa ya raka ta har bakin titi, ya manta bai mayar da ƙarfen ba. Da safe wani manomi, Zakariya'u daga Durum, ya ɗora buhun wake da ya zuba wa tiya arba'in da hannunsa, awon kilo ɗari cif. Allura ta ce casa'in da shida. Manomin bai yi hayaniya ba, ya ce a kira Alhaji. Aka ɗora dutsen gwaji a gaban 'yan dako, allura ta rage kilo huɗu. Kafin azahar Suma'ila ya miƙa mabuɗi, kafin la'asar duk kasuwa ta san shekara shida yana cutar talakawa. Babu wanda ya tambayi dalili, shi ma bai faɗa ba, domin faɗa yana nufin kiran lambarta a gaban jama'a.

Ranar Litinin Raliya ta faɗi a biro. Daga gadon asibiti saƙonta ya zo.

"Ma'aunin likita ya ce ɗari da biyu. Kai ka ce casa'in da tara. Wa ya yi ƙarya?"

"Ni ne."

"Da na mutu, da kana can kana karanta mini tamanin."

Ya ajiye wayar ya nufi Zango. Ya gaya wa Inna komai. Ta saurara, ta ɗauki mayafi ta ce ya kai ta dubiya, kuma a kan hanya ba ta ɓoye cewa za ta je ne ta ce yarinyar ta rabu da ɗanta ba.

Suka tarar da likita a bakin gadon, an rataye ruwa a hannun Raliya. Suma'ila ya tsaya a ƙofa.

"Jiki ba buhu ba ne, madam," in ji likita. "Ya zubar da abin da zai zubar, ya tsaya yana kare kansa. Kusan duk wanda aka yi wa aikin nan yana isowa wurin. Wataƙila ki ƙara sauka, wataƙila nan ne gidanki. Sugarki ya kwanta, kin daina allurar suga, kina hawa bene. Don wannan aka yanka ki. Ki ci kaɗan sau shida a rana, ko in ci gaba da ganinki a gadon nan."

"Za ta haihu?" Inna ta tambaya ba sallama.

"In Allah ya so, Hajiya, fiye da yadda za ta iya a da. In ta ci abinci."

Aka miƙo wa Raliya kunu a ɗan kofin shayi. Ta sha a hankali har ya ƙare. Inna ta leƙa kofin.

"Ashe kina cinyewa."

"In kwanon daidai ni ne, Inna."

Inna ba ta faɗi abin da ya kawo ta ba.

Wata biyu Raliya ba ta amsa saƙonsa. Ya je Durum ya durƙusa wa Zakariya'u, manomin ya yafe, kasuwa ba ta yafe ba. Ya koma kabu-kabu da babur ɗin ƙanen babansa. Wata Alhamis waya ta yi ƙara.

"Yau na je awo asibiti. Matar ta kira ɗari da uku a gaban layi, ban mutu ba. Ka turo. Amma in ka sake yi mini ƙarya don in yi dariya, ko da ta gishirin miya ce, na tafi."

"Na ji, Raliyata. Balansin ma babu."

Aka ɗaura aure a Birni bayan ƙaramar salla. Mata sun yi ƙus-ƙus ɗinsu a wurin lalle, kamar yadda ta ce za su yi. Washegarin tarewa Inna Shatu ta shigo da hantsi, ta buɗe gefen mayafi ta fito da ɗan ƙoƙo da bai fi tafin hannu ba, wanda ta sa aka fafe mata a Gaffati. Dambun zogale ne a ciki, har da tozonsa.

Raliya ta cinye, ta nuna mata cikin ƙoƙon.

"Allah ya yi muku albarka," in ji Inna. "Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a, ya mayar wa wannan sakaran sunansa. Sai da azahar in kawo na biyu."