Dutsen Kabarin Sa'a

Ranar Juma'a da hantsi, Sufeto Khalidu bai ko kai kofin shayinsa baki ba hayaniya ta cika ƙofar komisariyar 'yan sanda ta Malanville. Mutanen ƙauyen Garou ne, sun fi goma, sun taso wata mata a gaba. Tana sanye da hular rana da manyan takalma, ta ƙanƙame jakarta a ƙirji.

"Ku rufe ta, Shef!" in ji wani ɗan kabu-kabu mai jar riga, wanda muryarsa ta fi ta kowa. "Ɓarauniyar kushewa ce!"

Khalidu mutum ne da ba ya son a koya masa aikinsa, balle da ihu. Ya daka musu tsawa, ya ce mutum ɗaya ya yi magana.

Wani tsohon masunci ya matso yana dogara sanda. Sunansa Malam Audi, mai jar rigar kuma ɗansa ne, Rachidi.

"Dutsin kabarin matata Sa'a anka sace," in ji tsohon. "Shekara bakwai shina nan. Ni na tsinto shi bakin gulbi. In ka gane shi sai ka rantse guntun icce ne, sai ka ɗauka ka ji nauyi."

"Ba a iya sa wani, Baba?" in ji Khalidu.

"An sa wani, shi ne abin da ya ƙona min rai! Ruwan bara ya baje kushewun duka, dutsin ga kaɗai ya rage shaida. Yanzu an dasa wani can cikin rana, ni ko inuwar aduwa nike zama in yi mata addu'a. Idona ya tahi, Shef. Na bar wasiyya a sa ni kusa da ita. Ina za a sa ni?"

Sufeton ya juya ga matar. Samiha sunanta, 'yar 'yan kasuwar Malanville ce, tana koyar da kimiyyar ƙasa a Parakou. Duk hutu takan dawo gida ta bi ƙauyuka tana neman duwatsun da suka taɓa zama itace ko dabbar ruwa.

"Kin je wurin?"

"Ban shiga maƙabartar kowa ba."

"Wa ke kai ki yawon naki?"

Ta sunkuyar da kai. "Wani ɗan kabu-kabu. Ban riƙe sunanai ba."

Ƙarya ce, kuma ba ta ma iya yinta ba. Khalidu ya sa a ba ta kujera a ofis, ya hau babur ya nufi Garou.

Maƙabartar ba ta da katanga. Fili ne shafe, sai aduwa ɗaya da suri a gefe. Wanda ba ɗan gari ba sai ya ɗauka makiyaya ce.

An yi ruwa mai ƙarfi ranar Laraba da la'asar, ƙasar ta bushe da sawun duk wanda ya taka ta da laka. Sawu ɗaya ne, ya tafi har inda sabon dutsen yake ya dawo, kuma ƙafa ce tsirara. A bakin filin ga shatin silifa biyu an jere, kusa da tayar babur.

Ran Khalidu ya ɓaci. Wato mutum ya san darajar wurin har ya tuɓe takalmi, amma bai ji nauyin raba mamaciya da shaidarta ba. Wannan ba aikin mai manyan takalma ba ne.

Ya tsuguna ya juya sabon dutsen. Gefe ɗaya baƙi ƙirin. Ya shafa, yatsansa ya fito da baƙin tukunya.

Daga nan ya wuce gidan Malam Audi, wai zai sha ruwa. A tsakar gida ya tarar da Barakatu, matar Rachidi, tana fama da tukunyar da ke karkacewa. Duwatsun murhunta biyu ne, na ukun gwangwanin tumatir ne aka cika da ƙasa.

"Sannu da aiki. Ina ɗayan ya tafi?"

"Ai kai ma ka tambaya!" in ji ta, da ma a cike take. "Tun jiya da sahe na nema na rasa. Wane irin mutum ne ka satar dutsin murhu? Na tambayi maigidan, ya ce in bar damunai."

"Haka ya ce?"

"Wallahi haka ya ce."

Khalidu ya sha ruwansa ya yi godiya. Bai gaya mata komai ba, don ita ba ta yi masa laifi ba.

Da ya koma ofis bai tsaya gaisuwa ba. "Malama, ba ni jakar."

A ciki akwai ƙaramar guduma, igiyar awo, da littafi da ya sha hannu. Kowane dutse da shafinsa: rana, wuri, da nisansa daga abu biyu da ba sa motsi. Shafin Laraba ya ce mita shida da rabi daga gindin aduwa, mita huɗu daga suri.

"Kin ce ba ki shiga ba."

"Ban san maƙabarta ce ba! Ce min anka yi makiyayar gari ce. Da na ga dutsin a tsaye, na gane hannun mutum ya dasa shi, sai na auna na ɗauki hoto na bar shi. Abin da mutum ya dasa ba ni taɓa shi."

"Nuna hoton."

Ta buɗe waya. Ga dutsen nan da zanensa irin na itace. An jingina masa makullin babur don a gane girmansa, da ɗan kifin roba a rataye.

"Me ya sa kika ɓoye sunansa?"

Idonta ya cika. "Ran nan da la'asar ya kawo min dutsin cikin buhu, wai in saya. Na ce ya maida shi inda ya ɗauko. Yau kuma na gane shi gaban masu zagina. Sai da tsohon ya yi magana na san kabarin uwatai ne. Na kasa hwaɗi gaban ubanai."

"Kin kasa," in ji Khalidu. "Da sun jefe ki a hanya fa?"

Bayan an sauko daga masallaci ya tara su duka a maƙabarta. Samiha ta tsaya daga bakin filin. Rachidi ya kafe babur, ya cire makulli yana kaɗawa a yatsa, ɗan kifin roba yana lilo. Sannan ya tuɓe silifansa ya jere su kafin ya shiga.

"Rachidi, ka san malamar nan?"

"Ban taɓa ganinta ba sai yau."

Khalidu ya ɗaga masa hoton. Ya kuma ɗauko baƙin dutsen ya ajiye a gabansa.

"Matarka tana nemansa."

Mutane suka fara salati. Rachidi ya soma rantsuwa, sufeton ya katse shi.

"Bar rantsuwa. Abu ɗaya nake so. Nuna mana kabarin mahaifiyarka."

Rachidi ya yi taku uku ya tsaya. Ya juya dama, ya koma hagu. Ya dubi aduwa, ya dubi ƙasa. Babban mutum da gemunsa yana zagaye fili kamar wanda ya yar da allura. Ba wanda ya taimake shi.

"Ban sani ba," ya ce daga ƙarshe, da ƙyar ake jinsa. "Na ga yadda take murna da shi, na ce abin kuɗi ne. Da ta ƙi saye na yi niyyar kai shi kasuwar Gaya. Na zo in sa wani madadinai, ruwa ya shahe ramin. Na ce dutsi dutsi ne, Baba ba ya gani."

"Yana ina?"

"Rumhwar albasa, ƙarƙashin buhuna."

Aka aika mutum biyu suka ɗauko. Khalidu ya karɓi igiyar awon, Samiha tana karanto masa lamba daga inda take tsaye. Ya ja shida da rabi daga aduwa, ya ja huɗu daga suri. Inda suka haɗu ya tura yatsa, ƙasar ta burma, sabuwar cika ce.

Malam Audi ya durƙusa ya dasa dutsen da hannunsa. Ya zauna a gefe, inuwar aduwa ta sauko masa a ƙafa. Ya daɗe yana shafa dutsen.

"Nan ne," ya ce. "Nan ne wallahi."

Wani ɗan sanda ya sa wa Rachidi ankwa. Da aka zo wucewa da shi ya durƙusa.

"Baba, ka yahe min."

Tsohon bai ɗago ba.

"Sata ba ta ba ni mamaki ba, Rachidi. Shekara bakwai kana wuce hanyar ga da babur kullum. Baƙuwa ta zo rana ɗaya ta san inda uwarka take, kai ba ka sani ba."

Ya juya wajen mutanen gari ya ɗaga sandarsa yana nuna Samiha.

"In na mutu, kar ku tambaye shi. Ku nemi littahin malamar ga."

Khalidu ya kama Rachidi a kafaɗa ya miƙar da shi. Aka fita da shi ƙafa tsirara, silifansa na nan a jere a bakin filin.