Mai Jego a Dutsen Kwarmi

Ku matso kusa, wannan ba a faɗinsa da ƙarfi.

Injiniya Haladu aka damƙa wa aikin hanyar gwamnati da za ta haura Dutsen Kwarmi, inda gajimare ke kwanciya a ƙasa, ƙafa ɗaya ka kuskure sai dai a nemo ka a kwari. Saura falale ɗaya a fasa. Damina ta ƙarato, manya na ta waya daga ma'aikata, ga matarsa a gida haihuwa yau ko gobe.

Masu fasa dutse suna da al'ada. Kafin a tashi nakiya sai an yi wa dutse sallama, a jira mazauna ciki su kwashe. Haladu kuwa boko ya ratsa shi, dariya abin ke ba shi.

Rannan da almuru ya haura shi kaɗai duba ramukan nakiya. Sai ga tsohuwa da ƙwaryar ruwan zafi da ganyen darbejiya. An yi yayyafi, ko'ina caɓi, amma ba ta barin sawu. Tana gabansa, muryarta na fitowa ta bayansa.

"Sannu da aiki, ɗan nan."

"Yauwa, Iya."

"'Yata ta haihu jiya, a nan ciki. Ka bari a yi suna."

"To, Iya."

Irin "to" ɗin nan ce da kuke sallamar tsofaffi da ita.

Da safe Baba Tanimu mai haɗa nakiya ya ji labari, ya janye hannunsa.

"Ranka ya daɗe, ka amsa mata. Kwana biyar ne kawai."

"Kafin nan ruwa ya sauka. Ba ni wuri."

Da hannunsa Haladu ya danna maɓallin nakiyar. Dutse ya dare, ƙura ta lafa. Sai kukan jariri, siriri, daga cikin tsagar. Tsoro ya kama Haladu, amma bakin alƙalami ya bushe.

Bayan kwana uku matarsa ta sauka, namiji. Da ya isa gida ta ce, "Wata tsohuwa ta zo barka. Ta hura masa iska a kunne, ta ce a gaya maka nasu ma ba ya ji."

Yau shekarar yaron bakwai. Ko aradu ta faɗi ba ya waiwaye, uban kuma bai daina kiran sunansa ba.

In tafiya ta kai ku Kwarmi, kada ku haura ku kaɗai. In tsohuwa ta roƙe ku, kada ku ce "to" sai kun shirya cikawa.