Dutsen da ya Zaftaro wa Rumasa'u

Kwana uku Rumasa'u ba ta iya zama wuri ɗaya ba. Daga taga zuwa ƙofa take kai kawo a gidan baffanta da ke unguwar Jarwal a Makka, gidan da ta tashi tun rasuwar iyayenta, babu mai amsa mata sallama. Yayanta Hafizu yana kwance a asibitin ƙasar Jojiya, bai farfaɗo ba.

A maktab, wato ofishin tafiye-tafiye na Baffa Mukhtaru, take aiki, a unguwar Rusaifa. Hafizu ne ya raka matafiya bakwai su ga duwatsun ƙanƙara na Jojiya a ƙarshen sanyi. Ana gobe za su hau, jagoran dutsen ya aiko da gargaɗi: rana ta yi zafi, dusar ƙanƙara ta jiƙe ta yi nauyi, ta ƙasan kuma ta saki, motsi kaɗan zai zaftaro da ita. Rumasa'u ta buga takardar ta kai wa Abdulilah, ɗan Baffa, mai riƙe da maktab ɗin. Ya duƙunƙune ta ya ce an riga an shirya, halas, magana ta ƙare.

Washegari suka hau. Da hantsi dutsen ya zaftaro. Aka tono su da shebur, biyu sun karye, Hafizu kamar gawa.

A gaban dangi Abdulilah ya dafa ƙirji. "Wallahi Abba, ban ga wata takarda ba. Ita ta ɓoye."

"Baffa, na kai masa da hannuna..."

"Yi mini shiru. Ɗan'uwanki ciki ɗaya kika tura halaka."

Aka karɓe wayarta, aka hana ta fita ko zuwa Harami. Goggo Kabira ta ce maraicin ne ya ƙeƙasar mata da zuciya. Ga zafin Makka, amma ita sanyi take ji har ƙashi. In ta yi sujada sai hawaye ya jiƙa darduma: "Ya Rabbi, Kai ka gani... ka tashi Yaya, ko da ni ba za a wanke ni ba."

Rana ta huɗu bayan la'asar wayar Baffa ta yi ƙara. Muryar Hafizu ce, a shaƙe. Rumasa'u ta zube a bakin ƙofa.

"Baffa, jagora ya ƙi, ni ma na ƙi. Abdulilah ne ya turo mini saƙon murya. Ga shi nan na tura maka."

Baffa ya kunna a tsakiyar falo. Muryar ɗansa ta fito tar: "Rumasa'u ta kawo mini wata takarda, tsoro ne irin na mata. Ku hau, ko ka dawo ba aiki."

Abdulilah ya miƙe zai fita, Baffa ya tare ƙofa, ya karɓe makullan maktab. Da kansa ya miƙa shi ga hukuma washegari.

Da ya dawo ya tsaya gaban Rumasa'u, gemunsa jiƙe da hawaye. "Ya binti, 'yata, ki yafe mini. Na ci amanar ɗan'uwana, mahaifinki."

"Na yafe, Baffa. Ka kai ni wurin Yaya kawai."

Ranar Alhamis su biyu suka hau jirgi a Jidda zuwa Jojiya.