Furanni a Ƙofar Rumbu

"Ba zan faɗa ba, Kawu," in ji Ratmini. "Ban ga maciji ba."

"Ke! Wa ya kai ki jami'a?"

"Kai ne. Amma ba ƙarya ka tura ni in koyo ba."

A kan wannan musu Sufeto Suarjana ya tarar da su. Rahoton da aka kai ofis ya ce tun jiya fararen tsuntsaye biyu suka ɓace daga kejin Baba Lodra, wai maciji ne ya cinye su; irin da ake kira jalak ne, waɗanda suka kusa ƙarewa a tsibirin Bali. Hukumar daji ce ta ba shi kiwonsu, kuma a makon nan za a sake su cikin kurmi. Lodra ke da kamfanin yawo da baƙi masu yawon buɗe ido. Ratmini, 'yar ƙanwarsa, ita ke zagayawa da su gonakin shinkafa da bakin rafi, ta nuna musu tsuntsayen, sannan a zauna cin abinci.

Sufeto ya jujjuya kwaɗon kejin.

"Macijin nan akwai ladabi, Baba. Ya ci, ya share gashin, ya kulle ƙofa."

"Ni dai abin da na gani na faɗa, Yallaɓai."

"Makulli fa?"

"Ɗaya a wurina, ɗaya a wurinta."

Sufeto ya juya ga Ratmini. "Kin san in babu maciji, ke ce a gaba?"

"Na sani, Yallaɓai. A tsare ni. Ba zan ɗora wa maciji laifin mutum ba."

A madafa ya iske Iya Rimpen, mai girkin baƙi, tana warware kaza daga ganyen ayaba. Kafin ya buɗe baki ta tura masa faranti.

"Ci tukuna, ɗan nan. Dubi wuyanka kamar na balbela. Matarka ba ta girki ne?"

"Iya, bincike na zo."

"To binciko mini ɓarawon gwanda. Na yanka wa baƙi jiya, rabi ya yi ƙafa. Yau ma haka."

Sufeto ya daina tauna. Kowa ya san gwanda ce abincin jalak.

Ranar kuwa Tumpek Kandang ce, ranar da ake girmama dabbobin gida da furanni da turare. Sufeto ya zaga tsakar gida a hankali. A garken shanu ga ɗan kwandon ganyen kwakwa cike da furanni, turare na hayaƙi. Akurkin agwagi ma an ajiye masa nasa. A kejin jalak babu komai. Amma can a ƙofar rumbun shinkafa ga wani, furanninsa sun fi na kowa kyau.

"Iya, yaushe shinkafa ta zama dabba?"

"Kai dai! Ita shinkafa ranarta daban. Wannan kam, maigida ne ya karɓa da hannunsa da safe."

Sufeto ya yafito Ratmini. "Suna amsa kiranki?"

Ta dubi kawunta. Ya sunkuyar da kai. Ta yi fito. Daga cikin rumbu muryoyi biyu suka amsa.

Lodra ya zauna a ƙasa.

"Tun suna ƙwai nake renonsu, Yallaɓai. Waɗanda aka saki bara, masu tarko suka kwashe. Na ce waɗannan ba za su je ba."

"Ka ɓoye su, ka yi ƙarya, sannan ka sa musu furanni a inda kowa zai gani?"

"Yau fa ranarsu ce. In hana su albarka saboda ina tsoronka?"

Sufeto bai sa masa ankwa ba. Ya jira Lodra ya gyara ɗaurin kansa, ya riƙe masa gwiwar hannu har mota. A ƙofa Lodra ya tsaya, bai dubi Ratmini ba.

"Kada ki ba su gwanda mai sanyi," ya ce.

"Na sani, Kawu."

Ita ta buɗe musu keji a bakin kurmi ranar sakin, kanta a ɗage. Amma hukuma ta soke lasisin kamfanin, aikinta ya tafi da shi. Gidan da ta girma a ciki, har yau ba a kiranta biki. Duk ranar ziyara takan kai wa kawunta kazar Iya Rimpen a gidan yari. Yakan cinye tas, ya miƙo kwanon, bai ce mata uffan ba.