Rigar Lauya Mai Ƙamshin Burodi

Ruwan sama ya ɗauke da hantsin Talata, ya bar tururi yana tashi daga kwalta. Sufeto Ndakotsu na zaune bakin tagar ofis, idonsa kan duwatsun da suka kewaye Minna, zuciyarsa kuwa tana can gonarsa ta shinkafa a bakin kogi, inda zai koma nan da wata huɗu idan ya ajiye kaki.

Ƙamshin burodi ne ya dawo da shi. Wata mata ce tsaye gaban teburinsa, lemarta na ɗigar ruwa.

Sunanta Theresa Gaiya, amma a unguwarsu, Fadikpe, Maman Gift ake ce mata. Gidan burodin da mijinta ya rasu ya bar mata ya durƙushe, tanda ta yi sati uku ba wuta, masu kawo mata fulawa sun kai ta kotu. Ta jima tana neman gogaggen lauya, wanda ya san sha'anin kasuwanci da karayar arziki, amma a ɓoye, don kunya. Ranar Larabar da ta wuce sai ga lauya har gida. Ya karɓi takardar mallakar filin da gidan burodin da ɗakin kwananta suke kai, ya sa ta sa hannu a takardar wakilci, ya tafi. Tun ranar wayarsa a kashe. Jiya kuma wasu mutum biyu suka tsaya da mota suna auna katangarta da taku, suka ce ranar Juma'a wakilinta zai miƙa musu takardu.

"Wa ya san kina neman lauya, Madam?"

"Ba kowa, Yallaɓai. Ko Gift ban gaya mata ba."

"To shi wa ya gaya masa?"

Ta kalli taga. Ta ce ita fa a ranar ba ta yi wannan tambayar ba. Ana yayyafi, tana zaune bakin tandar da ta huce, sai ta ga mutum ya sauko daga keke napep cikin baƙar rigar lauyoyi da farar hular gashi, iska na kaɗa rigar. Ta ɗauka barci take yi. Da ya buɗe baki sai ya ce, shi ne tsohon hannun da ta roƙa, wanda zai tsaya mata kamar yadda marigayi mijinta Gaiya zai tsaya.

"Kalmomina ne, Yallaɓai. Ɗaya bayan ɗaya."

"Ina kika faɗe su?"

"Ban faɗa ba. Rubutawa na yi."

A majami'arsu, in ji ta, Zumuntar Mata na da akwatin roƙo. Mace ta rubuta abin da ke cin ranta, ta naɗe, ta jefa. Ranar Litinin a ɗora hannu kan takardun a yi addu'a ba tare da an buɗe ko ɗaya ba, sannan sakatariya ta je bayan majami'a ta ƙone su. Ita a bayan takardar tambarin burodinta ta rubuta nata.

Sufeto ya tambaye ta kamannin mutumin. Fuskar ba ta zauna mata ba, hular ta rufe rabi. Rigar ce ta riƙe. Tsohuwa ce, baƙinta ya koɗe har ya fara komawa kore, da faci a kafaɗar hagu. Wannan facin ne ma ya kwantar mata da hankali, ta ce wa kanta lallai wannan ya daɗe a aiki.

Ndakotsu ya ajiye biro. Shekara ashirin yana shiga kotu ba da shaida, kuma shekara ashirin yana kallon wannan facin daga baya, a kafaɗar Barista Jiya.

Ofishin Barista Jiya na saman wani tsohon bene, inda ake jin kukan jirgin ƙasa daga nesa. Tsohon na zaune cikin koɗaɗɗen kaftani, fayil-fayil sun kewaye shi har kafaɗa. A harkar kamfanonin da suka durƙushe, ba a yi na biyunsa ba a garin. Suka gaisa da Nufanci, sannan Sufeto ya miƙa masa katin da baƙon ya bar wa Theresa.

Barista ya duba sunan, ya ce ba su da wannan a cikin lauyoyi. Da ya ji yadda mutumin ya je, sai ya yi dariya har ya cire tabarau.

"Da riga da hula, a cikin keke? Sufeto, rigar nan ta zauren kotu ce. Kuma lauya ba ya bin gida-gida yana tallan kansa kamar mai maganin basir."

"Ranar Laraba ina rigarka take, Baba?"

Dariyar ta tsaya. Ya ce tana wurin wanki, wajen wani Ernest a Tudun Wada, wanda ke zuwa da babur ya kwashi kayan lauyoyi. Da hular duk ya ba shi a kakkaɓe. Ya yi alkawarin Talata, bai kawo ba sai Alhamis, wai rashin rana.

Ya sauko da rigar daga ƙusa. Ndakotsu ya kai ta hancinsa ya lumshe ido. A ƙarƙashin warin gawayin dutsen guga akwai wani ƙamshi mai daɗi, na yis da sukari. A leɓatun ƙasa kuwa ga farin gari ya maƙale a ɗinki. Ya juya wuyan rigar, ya ga jan zare an ƙulla sau uku.

"Alamarsa ce," in ji Barista. "Kowane mai wanki da tasa."

Sufeto bai nufi Tudun Wada ba tukuna. Mai wanki ba ya shiga taron Zumuntar Mata, wani ne ya kai masa kalmomin.

Sakatariyar sunanta Magdalina, tana sayar da atamfa a Kasuwar Kure. Mace ce mai fara'a, ta sa aka kawo masa kujera da ruwan sanyi, ta ce ai Maman Gift 'yar'uwarta ce, abin ya hana ta cin abinci.

"Wa ke riƙe da makullin akwatin roƙo?"

"Ni ce, Oga. Shekara tara."

"Kin taɓa buɗe takardar wata?"

"Allah ya kiyaye. Wannan tsakanin mace ne da Mahaliccinta."

"Na Litinin ɗin waccan, kin ƙone su?"

"Da hannuna. Na tsaya har suka zama toka."

"A bayan majami'a?"

"A can, ƙarƙashin bishiyar mangwaro."

Ndakotsu ya kurɓi ruwa. Ya tuna Litinin ɗin sarai, domin ranar ce ruwa ya fara tun azahar bai tsaya ba har magariba, shi kuma yana zaune yana tunanin ko kogi ya haura gonarsa. A irin wannan ruwan ba takardar da za ta ƙone ƙarƙashin mangwaro. Ya tambaye ta ko ta san wani Ernest mai wanki, ta ce Ernest da yawa a Minna, ita dai da kanta take wanke kayanta.

Ta sunkuya za ta ɗauki kofin, bakin kallabinta ya zamo kan kafaɗa. Jan zare, ƙulli uku.

Ya miƙe a hankali, ya ce ta rufe shago, za ta raka shi Tudun Wada.

Shagon wankin ɗan ƙarami ne, a wani lungu bayan masu ɗinkin hula. Fararen riguna na rataye a igiya suna lilo cikin hayaƙin gawayi, kamar mutane marasa kai suna jiran layi. Ernest na tsakiya yana guga, mutum ne dogo mai kyan murya. Da ya ga Magdalina bayan ɗan sanda, sai dutsen gugar ya tsaya a hannunsa.

Ya ce bai taɓa taka Fadikpe ba. Ya ce wannan matar kwastoma ce kawai. Rigar Barista kuwa tana nan a igiya tun Litinin har Alhamis, kowa a layin shaida ne.

"To a nan ta samu garin fulawa?"

"Sitaci ne, Oga."

"Ɗaga dutsen nan, rigar mutane za ta ƙone."

Ernest ya ɗaga, amma bai matsa daga jikin teburin ba. Sufeto ya lura tun shigowarsa mutumin a rabin tebur kawai yake guga, ɗaya rabin ko kusa ba ya kai zafi. Ya sa hannu ya yaye bargon gugar.

Takardar mallakar filin na kwance a ƙasa, shimfiɗe ba ko lanƙwasa, da takardar wakilcin a kanta. A ƙarƙashin teburin kuma ga wani gwangwanin madara babba, cike da ƙananan takardu. Ta saman bayan tambarin burodi ce.

Magdalina ta zauna a ƙasa. Ba ta jira tambaya ba. Ta ce Ernest ƙaninta ne, uwa ɗaya, bara ya zo daga gida, wata majami'ar yake zuwa shi ya sa ba a san shi ba. Takardun kuwa, tun shekarar farko ba ta iya ƙone su ba. Da fari ɗaya ta buɗe, don ta san abin da za ta roƙa wa mai ita. Daga nan ta kasa dainawa. Takan zo nan da yamma ta zauna tana karantawa, shi yana guga yana saurare.

"Ban ce ya je ba, Oga. Na dai karanta masa."

"Da ya dawo da takardar fili fa?"

Ta rufe fuska da kallabin. "Ya ce rabi nawa ne."

Ernest ya ajiye dutsen. Ya ce shekara guda yana goge rigunan nan, yakan saka su ya tsaya gaban madubi idan ba kowa. Da ya ji matar na roƙon tsohon hannu, sai ya zaɓi rigar da ta fi kowacce tsufa.

"Da na shiga gidan, sai ta durƙusa mini," ya ce. "Ba wanda ya taɓa durƙusa mini."

Sufeto ya kira mota. Aka sa musu ankwa ɗaya, hannunta da nasa, aka fito da su ta tsakanin fararen rigunan, masu ɗinkin hula suka ajiye allura suna kallo.

Washegari da safe Ndakotsu ya raka Theresa saman benen. Ta dubi tsohon cikin koɗaɗɗen kaftaninsa ta daɗe, sannan ta fara tambaya. Shekara nawa yana wannan aikin? Kamfani nawa irin nata ya tsaya wa, nawa suka tashi, nawa suka mutu? Wa za ta je ta tambaya labarinsa? Barista Jiya ya amsa duka, har da waɗanda suka mutu. Ya ce ba zai yi mata alkawarin komai ba sai ya zauna da masu fulawa, amma yana ganin tandar za ta iya ci gaba da aiki ana sasantawa. Ya nemi takardar filin.

"Kwafi zan kawo maka, Baba. Ta ainihin tana wurina."

Tsohon ya yi murmushi, ya jawo sabon fayil ya rubuta sunanta.

A ƙasan benen Sufeto ya miƙa mata gwangwanin madarar. Ya ce tata kaɗai ya cire don kotu. Sauran bai karanta ko ɗaya ba, kuma ba ya so su kwana a ofishin 'yan sanda inda kowa ke da ido.

Theresa ta rungume gwangwanin har Fadikpe. Ta kira matan Zumunta, suka tsaya bakin tandar da ta yi sati uku a huce. Ta juye roƙon shekara tara a ciki, ta jera itace a kai, ta ƙyasta ashana.

Daga bakin titi Ndakotsu ya ga hayaƙin ya miƙe siriri zuwa wajen duwatsu. Ya tsaya yana kallo har aka fara yayyafi, sannan ya tayar da babur.