Yatsu Biyu a Dutsen Hajiya Rakiya

Ruwan sanyi Habiba ta kai wa mai aikin dutse a sabon kicin ɗinsu na Ƙofar Kwaya. Saurayin ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, sannan a kan idonta ya tsiyaye shi kaf a kan dutsen da yake yankawa.

"Malam, na sha fa na kawo maka," in ji ta, ta ɗaure fuska.

"Yi haƙuri, ƙanwata. Dutsen ya fi ni ƙishi."

Ta so ta yi fushi, dariya ta ƙwace mata. Da ya ga haka sai ya kashe injin, ya ce sunansa Zubairu. Ya ce mahaifinsa ma wannan sana'ar ya yi, yana yanka dutse a bushe, ƙurar ta taru a ƙirjinsa har tari ya yi ajalinsa. Tun daga ranar bai ƙara sa inji a dutse babu ruwa ba. Habiba ta koma ta ɗebo wani, ta tsaya a kansa har sai da ta ga ya sha.

Lokacin mulki bai daɗe da dawowa hannun farar hula ba. Mahaifinta Alhaji Isiyaku, tsohon malamin koyar da aikin kafinta da ya kai babban matsayi a ofis, ya yi ritaya, suka bar gidan gwamnati na GRA suka dawo cikin gari. Mahaifiyarta Hajiya Rakiya abu ɗaya ta roƙa a sabon gidan: teburin kicin na baƙin dutsen giranit, irin wanda ta shekara ashirin tana gani a gidajen maƙwabta tana haɗiyar yawu.

Aiki na kwana huɗu ne, amma kafin a gama zukata sun riga sun yi nasu. Wayar hannu sabuwar shigowa ce Katsina, kowane saƙo sai an yi tunani kafin a tura, duk da haka kullum da hantsi nasa yana isowa.

"Bibata, yau na goge dutse har na ga fuskata a ciki. Na ji haushi da ba taki na gani ba."

Ita kuma ta mayar masa: "Maidutse, ka sha ruwa dai. Kar ka ba dutse duka."

Hajiya ta gani ta yi kamar ba ta gani ba. Sau ɗaya kawai, tana murza cincin a kan sabon teburin, ta ce, "Yaron nan shina da hankali. Ki bar ni da Alhaji, ni na san ranar da zan faɗa mai."

Ranar ba ta zo ba. Zazzaɓin kwana uku ne ya ɗauke Hajiya Rakiya, wata biyu kacal da fara girki a kicin ɗin da ta yi shekaru tana buri. Habiba ta yi kuka har muryarta ta dishe. Alhaji kuwa bai yi kuka a gaban kowa ba, sai dai kullum bayan la'asar ya shiga kicin, ya dafa dutsen, ya daɗe a tsaye, ya fita.

Bayan sadakar arba'in aka kawo murhun gas ɗin da marigayiyar ta yi oda daga Kano. Aka tura shi gurbinsa, ya ƙi shiga. Dutsen ya yi tsawo da yatsu biyu.

Sa'idu yana wurin, ɗan aminin Alhaji, wanda ya daɗe yana zarya saboda Habiba tana kauce masa. Ya taɓe baki ya ce, "Baba, ai wannan tsohuwar dabara ce ta masu aikin hannu. Su bar aiki da saura don a sake kiran su gida. Balle gidan da akwai abin dawowa."

Magana ta faɗa kunnen da ke jiran ta. A satin ne kawunnan Zubairu suka zo neman izinin auren Habiba, Alhaji ya sallame su tun a zaure.

Habiba ta rubuta wa Zubairu: "Don Allah gaya mini gaskiya, da gangan ka bar shi?"

Amsa ta zo: "Bibata, Hajiya ce ta ce in bari sai murhu ya iso, don dutse ana rage shi amma ba a ƙara shi. Al'adata ce wanda ya ba ni aiki ya rubuta abin da ya ce a bayan dutse kafin a ɗora. Shaidata tana ƙarƙashi, siminti ya rufe ta. Gara a kira ni maƙaryaci da a ɗaga dutsen Hajiya. Ki roƙi Baba kar ya taɓa shi da kansa."

Ta kai wa mahaifinta maganar tana zaton ta kawo magani, ashe fetur ta zuba.

"Wadda ke ƙasa zai ɗora ma laifi, don ya san ba ta iya tashi ta ƙaryata shi?" in ji Alhaji. "In ya ƙara taka ƙofar gidan ga, ban yafe maki ba. Yatsu biyu ne mi? Shekara talatin ina koya ma mutane yanka."

"Baba, katako ka koyar."

"Rufe mani baki!"

Ta rufe. Ta kashe wayar ta sa a ƙasan akwati, ta shiga rama a tsaye. Ta rasa uwa, ga shi tana rasa mutumin da uwar ta yaba, kuma a ƙasan ranta ita ma ba ta da tabbas, tunda shaidar da ba a gani ba ai kowa ma zai iya cewa yana da ita.

Ranar Asabar da safe Sa'idu ya kawo injin aro, ya tuna yana da taro, ya zame. Alhaji ya ja layi da fensir, tsaf kamar yadda ya saba a katako. Habiba ta zo da buta ta ce ko a zuba ruwa, ya ce wa ya taɓa ganin an jiƙa abu kafin a yanka. Injin ya ɗauka, farar ƙura ta turnuƙe kicin, Alhaji na tari yana ƙara dannawa. Bai kai rabi ba aka ji ƙas! Ƙarshen dutsen, faɗin tafin hannu, ya ɓalle ya faɗi ƙasa ya kife.

A bayansa, da jan alƙalami, ga rubutun da duk gidan suka sani, mai karkata hagu: "A bar shi haka sai murhu ya zo. Rakiya."

Alhaji ya durƙusa a cikin ƙurar. Ya ɗauki guntun ya rungume, kukan da ya riƙe tun ranar jana'iza ya ɓalle masa gaba ɗaya.

"Na fasa mata abinta, Habiba. Abu guda ta roƙe ni duk zamanmu."

Ta durƙusa kusa da shi, suka yi ta yi babu mai rarrashin wani. Can ya share fuska da hannun riga ya ce, "Kira mani yaron. A'a, ba ni wayar, ni na kore shi."

Zubairu ya zo da rana tsaka, ya gaishe da Alhaji har ƙasa, ya sake yi masa ta'aziyya. Ya duba ɓarnar ya ce za ta gyaru, sai dai tabon ba zai ɓace ba. Ya daidaita bakin dutsen a hankali, ya liƙa wani siririn dutse ya cike giɓin. Alhaji ne da kansa ya riƙe masa buta yana tsiyaya ruwa. Murhu ya shiga gurbinsa daidai.

"Ɗana, ka yafe mani," in ji Alhaji. "Ka ce ma kawunnanka su dawo."

Bayan sallar layya aka ɗaura aure, ba kiɗa ba taro mai yawa, don gidan bai gama makoki ba. Da za a fita da amarya, aka kai ta gaban mahaifinta tana kuka cikin mayafi. Ya ɗora mata wani abu mai nauyi a cinya, naɗe da ɗankwalin Hajiya. Guntun dutsen ne, Zubairu ya goge bakinsa sumul, bai taɓa rubutun ba.

"Uwarki ba ta samu raka ki ba," Alhaji ya ce, hawaye na bin gemunsa. "Amma ita ta shaidi mijinki da hannunta. Tafi da ita, ɗiyata. Allah shi yi maku albarka, shi jiƙan Rakiya."